FURFURA BA TA HANA SHIGA AJI

Akwai wata al'ada da gwamnatocin duniya, manyansu da ƙananansu, suka daɗe a kanta. Idan mawaƙi ko ɗan wasan kwaikwayo ya yi suna har yara suka riƙa rera waƙarsa a kan hanya, sai hukuma ta aika a kira shi, ta rataya masa lambar girma, ta ba shi kujera a cikin manya. Jami'o'i ma haka suke yi, su yafa masa alkyabba, su ɗora masa hula mai tuntu, daga ran nan ya zama Dakta alhali bai taɓa zaman jarrabawa ba. Ba mu ce wannan laifi ba ne, domin wanda ya yi shekara da shekaru yana faranta wa jama'a rai ya cancanci a gode masa. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba, watau bayan an gama tafi kowa ya kama gabansa, me mutumin nan zai yi da kujerar da aka ba shi, kuma da wane guzuri zai zauna a kanta?

A wannan mako filin namu zai leƙa ƙasar Amurka, mu duba yadda wata mata baƙar fata mai suna Pearl Bailey ta amsa wannan tambaya. Ita dai ta yi waƙar jaz, ta yi wasan kwaikwayo a dandali da kuma sinima, ta zauna cikin ayarin wakilan ƙasarta a Majalisar Ɗinkin Duniya, aka kuma ba ta digirin girmamawa. Bayan duk wannan, lokacin da tsararrakinta suke neman inuwar da za su huta, sai ta ɗauki jakar littattafai ta shiga aji tare da yaran da ta yi jika da su, ba ta fito ba sai da digirin guminta a hannu, tana da shekara 67 a duniya.

DAGA MAJAMI'A ZUWA GIDAN RAWA

An haifi Pearl Bailey ran 29 ga watan Maris na shekarar 1918 a garin Newport News da ke jihar Virginia a kudancin Amurka, inda a wancan zamani doka ce ta raba baƙi da fari a makaranta da jirgin ƙasa da gidan abinci. Mahaifinta mai wa'azin addinin Kirista ne, saboda haka a majami'a ta fara ganin yadda mutum ɗaya yake ɗaga murya jama'a su amsa masa. Iyayenta sun rabu tun tana ƙarama, ta ɗan zauna a Washington, daga baya ta koma Philadelphia wajen mahaifiyarta. A nan ne, tana 'yar shekara 15, ta shiga gasar 'yan koyo a wani gidan wasa, ta kuwa zo ta ɗaya. Masu gidan suka ɗauke ta aikin mako biyu a kan dala 35 kowane mako, amma kafin wa'adin ya cika aka rufe gidan, ko sisi ba ta gani ba. Wannan bai sa gwiwarta ta yi sanyi ba, ta sake cin irin wannan gasa a gidan wasa na Apollo da ke unguwar Harlem a birnin New York. Karatun sakandare kuwa sai ta ajiye shi ba ta gama ba, ta bi kiɗa, kamar yadda dubban 'ya'yan talakawa baƙar fata suka yi kafinta.

Ga wanda bai san kiɗan jaz ba, kiɗa ne da ya tsiro a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20, a hannun jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Sun ɗauki kayan busa na Turawa, irin na 'yan badujala, suka haɗa da fiyano da ganguna, sa'an nan suka zuba a ciki abin da suka gada na kira da amshi. Akwai karin da dukan makaɗan suka sani, amma kowane mabushi yana da damar ya ratse ya yi nasa salon nan take, sa'an nan ya komo ya tarar da 'yan'uwansa daidai inda ya kamata. Saboda haka ba a busa waƙa ɗaya sau biyu ta fito iri ɗaya, kuma wanda ba ya sauraron na kusa da shi ba zai iya jaz ba, komai ƙarfin huhunsa.

A wannan makaranta Pearl ta yi karatunta na farko. Ta shafe shekarun 1930 tana waƙa da rawa a ƙananan gidajen rawa na baƙar fata a Philadelphia da garuruwan masu haƙar kwal na jihar Pennsylvania. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ta riƙa zagaya barikoki tana yi wa sojojin Amurka waƙa, bayan haka ta zauna a New York, ta yi aiki da manyan makaɗa irin su Cab Calloway. Abin da ya fid da ita daga sauran zabiyoyi shi ne yadda takan yanke waƙa a tsakiya ta shiga hira da 'yan kallo, ta yi ƙorafin ƙafarta na ciwo, ta tsokani na gaba, mutane su fashe da dariya, sa'an nan ta kama waƙar daidai inda makaɗa suka kai kamar ba ta taɓa bari ba.

Mai irin wannan baiwa ba ta da nisa da wasan kwaikwayo. A cikin 1946 ta fito a unguwar Broadway, matattarar manyan gidajen wasan New York, a wani wasa mai suna St. Louis Woman, aka ba ta lambar yabo ta wadda ta fi kowa cikin sababbin shiga a wannan shekara. Daga nan sai sinima ta kira ta. Ta fito a Carmen Jones a 1954 tare da Harry Belafonte da Dorothy Dandridge, ta kuma fito a Porgy and Bess a 1959 tare da Sidney Poitier. A tsakanin nan, cikin watan Nuwamba na 1952, ta auri Louie Bellson, wani Bature makaɗin ganguna a ƙungiyar Duke Ellington. A Landan aka ɗaura auren, kuma ya kamata mai karatu ya sani cewa da a jihar da aka haife ta ne suka yi shi, da sun karya doka, domin sai a 1967 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokokin da suka hana aure tsakanin baƙi da fari, a wata shari'a da ta taso daga ita wannan jiha ta Virginia. Auren nan bai mutu ba sai da mutuwa ta raba.

A cikin 1967 ɗin kuma ta kai ƙololuwar sana'arta, lokacin da aka sake shirya wasan Hello, Dolly! da 'yan wasa baƙar fata zalla, ita ce a kan gaba tare da Cab Calloway. Wasan ya sami karɓuwa ƙwarai, har aka ba ta lambar Tony ta musamman a 1968, ko da yake akwai waɗanda suka soki shirin, suna ganin ware baƙar fata su kaɗai a dandali komawa ne ga wariyar da ake yaƙi da ita. A 1971 ta sami shirinta na kanta a gidan talabijin na ABC. Yarinyar da aka hana dala 35 ta zama wadda babu gidan da ba a san sunanta ba a Amurka.

DA GWAMNATI TA BUƘACI MAKAƊA

Kafin mu zo ga yadda ta shiga aikin hukuma, wajibi ne mu koma baya kaɗan, domin ba ita ce baƙar fata ta farko da gwamnatin Amurka ta yi mu'amala da ita a kan wannan hanya ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka da Rasha sun shiga yaƙin cacar baka, kowacce tana zawarcin ƙasashen Afirka da Asiya masu shirin samun mulkin kai. Babban abin da Rasha take yi wa Amurka gori da shi shi ne yadda take wulaƙanta baƙar fatarta, kuma gorin yana kama jiki domin gaskiya ne. Da Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta rasa amsa, sai ta koma ga makaɗan jaz. A 1956 ta tura Dizzy Gillespie da ƙungiyarsa, baƙi da fari a haɗe, zuwa ƙasashe irin su Iran da Pakistan da Turkiyya, domin duniya ta ga wata fuska ta Amurka dabam da wadda jaridu ke nunawa. Wannan ya jefa kowane shahararren baƙar fata cikin tsaka mai wuya, domin in ya je ya taimaka wajen rufe asirin masu zaluntar danginsa, in kuma ya ƙi a ce ba ya kishin ƙasarsa.

Mutum biyu sun riga Pearl fuskantar wannan, kowa da hanyar da ya bi. Na farko shi ne Paul Robeson, wanda mahaifinsa bawa ne da ya gudu ya 'yanta kansa. Shi da ilmi ya fara, ya gama jami'ar Rutgers a 1919 yana kan gaba a ajinsu, ya sami digirin lauya a jami'ar Columbia a 1923, amma bai daɗe a ofishin lauyoyi ba ya bari saboda wariya, ya koma waƙa da wasan kwaikwayo. A Ingila ya fito a wani fim mai suna Sanders of the River a 1935, labarin wani jami'in mulkin mallaka a Nijeriya, da ya ga yadda aka gyara fim ɗin ya zama kirari ga mulkin Turawa sai ya fito fili ya barranta da shi. Robeson bai ɓoye ra'ayinsa na goyon bayan 'yancin Afirka da kuma ƙawance da Rasha ba, gwamnati kuwa ta saka masa da ƙwace fasfonsa a 1950, ba a mayar masa ba sai 1958. A cikin shekarun nan takwas aka rufe masa ƙofofin gidajen wasa, arzikinsa ya karye.

Na biyu shi ne Louis Armstrong, mabushin ƙaho, wanda bai yi nisa a makaranta ba, a gidan horon yara ma ya koyi busa sosai bayan an kama shi ya harba bindiga sama a daren sabuwar shekara. An daɗe ana yi masa kallon mai washe baki ga Turawa wanda ba ruwansa da siyasa. Amma a watan Satumba na 1957, da gwamnan jihar Arkansas ya sa sojoji suka tare ƙofar wata makarantar sakandare a Little Rock don hana yara tara baƙar fata shiga, Armstrong ya gaya wa wani ɗan jarida cewa Shugaba Eisenhower mai fuska biyu ne marar ƙarfin hali, ya kuma ce ya fasa tafiya Rasha da gwamnati take shirin tura shi. 'Yan kwanaki bayan haka Eisenhower ya aika da sojojin tarayya suka raka yaran cikin makaranta. Ba za mu ce maganar Armstrong ce kaɗai ta jawo haka ba, amma duniya ta ji ta. Bayan shekara uku ya amince ya zagaya Afirka, ya iso Nijeriya a watan Oktoba na 1960, 'yan makonni bayan samun mulkin kai, har ya zo Kaduna aka ɗauke shi hoto tare da Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato.

KUJERA A MAJALISAR ƊINKIN DUNIYA

To, ita Pearl hanya ta uku ta bi, watau ta shiga cikin gidan ta zauna. A 1970 Shugaba Nixon ya laƙaba mata sarautar jakadiyar ƙauna, wadda suna ce kawai, babu ofis babu aiki. Amma a 1975 Shugaba Gerald Ford ya sa ta cikin ayarin wakilan Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, daga baya kuma Shugaba Reagan da Shugaba Bush babba suka sake ba ta irin wannan aiki. Wannan kam ba wasa ba ne, domin wuri ne da ake karanta daftarin ƙuduri layi layi, ana jayayya a kan kalma ɗaya har dare, kuma yawancin waɗanda ke zaune a wurin lauyoyi ne da malaman jami'a da tsofaffin ma'aikatan jakadanci.

Dubi kuma lokacin da aka kai ta. A ƙarshen 1975 ne Angola ta sami mulkin kai daga Fotugal cikin yaƙin basasa, sojojin gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu suka kutsa cikin ƙasar, Amurka tana taimakon ɓangarorin da ke yaƙar ƙungiyar MPLA, Kuba kuma ta aika da sojoji don taimakon MPLA ɗin. Nijeriya a ƙarƙashin Janar Murtala Muhammed ta amince da gwamnatin MPLA a watan Nuwamba na wannan shekara. Da Shugaba Ford ya rubuto wa shugabannin Afirka wasiƙa yana nuna musu inda za su karkata, gwamnatin Nijeriya ta buga wasiƙar kowa ya gani, Murtala kuma ya tafi Addis Ababa a watan Janairu na 1976 ya yi jawabin nan da har yau ake tunawa, inda ya nuna cewa Afirka ta wuce a riƙa ba ta umurni daga waje. A irin wannan yanayi ne jikar bayin Afirka take zaune a bayan allon da aka rubuta sunan Amurka, wakilan Afirka suna kallonta. Ba ita ta tsara manufar ƙasarta a kan Angola ba, ba kuma ita za ta sauya ta ba, amma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Wannan ya sa ba kowane baƙar fata ne ya yi murna da kusancinta da fadar shugaban ƙasa ba. A lokacin nan mafi yawan baƙar fatar Amurka suna jefa ƙuri'arsu ga jam'iyyar Democrat, ita kuwa tana tare da shugabannin Republican, har ta fito a tallan neman zaɓen Ford a 1976. Duk wanda ya ce an kai ta Majalisar ne domin fuskarta da sunanta, bai yi ƙarya ba. Gwamnatoci ba sa ɗaukar mawaƙi su sa cikin wakilai domin ƙwarewarsa a dokokin ƙasa da ƙasa. Abin da ya rage ga wanda aka ɗauka shi ne ya zaɓa, ko ya yarda ya zama ado har ranar da za a sami wani adon da ya fi shi sheƙi, ko kuwa ya nemi abin da zai sa in ya buɗe baki a saurare shi don abin da ya sani.

DIGIRIN GUMI

A wajajen wannan lokaci ne jami'ar Georgetown da ke Washington, tsohuwar jami'ar 'yan ɗariƙar Katolika wadda aka kafa tun 1789, ta ba Pearl digirin girmamawa. Ga yawancin mutane nan ne ƙarshen magana, a ɗauki hoto da alkyabba a rataye a falo, a ƙara Dakta a gaban suna. Ita kuwa sai ta koma wannan jami'a ɗin a 1978, tana gab da cika shekara 60, ta yi rajista a matsayin ɗalibar digirin farko. Matar da shugabannin ƙasa suke tashi su gaishe ta sai ga ta a kan benci tana rubuta abin da malami yake faɗa, tana kai aikin gida a duba mata da jan biro, malamin da wataƙila ta haife shi. Shekara bakwai ta yi tana wannan, domin ba ta daina sana'arta ba, a cikin shekarun ne ma ta ba da muryarta a fim ɗin zane na kamfanin Disney mai suna The Fox and the Hound, wanda ya fito a 1981. A 1985 ta kammala, aka ba ta digiri a fannin nazarin addini, wanda Kiristoci ke kira ilmin tauhidi. Magabata sun ce gemu ba ya hana ilmi, ga shi kuwa wadda ba ta da gemu ta tabbatar da zancensu.

Mai karatu yana iya cewa, to, me ya haɗa nazarin addini da aikin jakadanci, kuma wane amfani digiri zai yi wa mai shekara 67 wadda ba neman aiki take yi ba? Tambaya ce mai kyau, ga kuma yadda muke ganin amsarta. Babban abin da aji yake koya wa mutum ba ya tsaya ga fannin da aka rubuta a takardar shaida. A aji ne mutum yake koyon karanta dogon rubutu har ƙarshe kafin ya yi magana a kansa, da kawo hujja a kan abin da ya faɗa, da jure wa a ce masa bai yi daidai ba a gaban jama'a. Shahararren mutum kuwa shi ne ya fi kowa buƙatar wannan na ƙarshe, domin tun ranar da ya yi suna ya daina jin kalmar a'a, kowa a gefensa ɗan amshin Shata ne. Wadda ta yi shekara 40 ana yi mata tafi, ta kai kanta inda za a ba ta maki gwargwadon abin da ta rubuta, lalle ta san bambancin abin da aka ba ta kyauta da abin da ta mallaka.

Ba kuma a aji kaɗai ta nuna wannan hali ba. Tun kafin ta shiga jami'a ta fara rubuta littattafai, ta fid da tarihin rayuwarta mai suna The Raw Pearl a 1968, ta rubuta littafin girke-girke, ta kuma rubuta wa yara wani littafi, Duey's Tale, wanda ya ci lambar yabo ta Coretta Scott King a 1976. Littafinta na shida kuma na ƙarshe, Between You and Me, ya fito a 1989, a ciki ta ba da labarin zamanta na ɗaliba da kuma aikinta na Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1988 Shugaba Reagan ya ba ta lambar 'yanci ta shugaban ƙasa, ɗaya daga cikin manyan lambobin girma biyu da Amurka take ba farar hula. Ta rasu a Philadelphia ran 17 ga watan Agusta na 1990, sakamakon ciwon zuciya, tana da shekara 72. Garin Newport News, inda aka haife ta a zamanin da doka ta hana yara irinta zama aji ɗaya da 'ya'yan Turawa, ya sa wa wani ɗakin karatu na jama'a sunanta.

Idan muka jera mutanen nan uku, za mu ga cewa kowannensu ya biya wani abu. Robeson yana da ilmi yana da ƙarfin hali, ya faɗi abin da ke ransa, aka karya shi. Armstrong ba shi da takardar makaranta, amma ya san ranar da shiru ya zama cin amana, ya yi magana a lokacin da ya dace. Pearl ba ta yi fito-na-fito da hukuma kamar su ba, kuma mai son ya zarge ta a kan haka yana da abin faɗa. Abin da ba za a iya zarginta da shi ba shi ne zama a kan kujerar aro tana jin ta isa. An ba ta girma kafin ta sami ilmin boko mai zurfi, sai ta ɗauki girman a matsayin bashi, ta yi shekara bakwai tana biya.

Wannan hannunka-mai-sanda ne ga mutane iri uku a cikinmu. Ga matasa masu baiwar waƙa ko wasan kwaikwayo, waɗanda suke ganin tun da kuɗi sun fara shigowa makaranta ta zama ɓata lokaci, sai su tuna murya tana tsufa, farin jini kuma yana da wa'adi, ranar da za a kira su a ba su ofis kuwa takardu ne za su tarar a kan tebur, ba kalangu ba. Ga iyaye masu ganin duk yaron da ya kama kiɗa ya lalace, sai su lura cewa hana shi ba ya cika yin magani, abin da ya fi shi ne a tsaya a kan lalle ya haɗa da karatu. Ga manya kuma, waɗanda Allah ya ba suna ko dukiya ko muƙami amma karatu ya wuce su suna yara, kunyar zama aji ɗaya da 'ya'yan cikinsu ta kwana kaɗan ce, kunyar a miƙo musu takarda a gaban taro su rasa inda ta dosa kuwa ba ta ƙarewa. Ajin yaƙi da jahilci yana nan, jami'ar karatu daga gida tana nan, babu kuma wanda ya taɓa tambayar ɗalibi yawan furfurarsa kafin a ba shi takardar jarrabawa.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya kuma ba mu tawali'un nemansa ko daga hannun wanda muka girma.